Tulun Dakta

"Tulun nan naki ya fi firij, 'yar nan!" in ji Gwaggo, tana miƙo mata kunun aya mai sanyi ƙarara a lokacin buɗa-baki.

Dakta ta kai duba ga tulun. Wata tara ta yi tana rainon ƙananan lu'ulu'un furotin da DNA. Ta tsoma su a gilisirin don kada ƙanƙara ta farfasa su, ta daskarar da su kan 'yan allurai cikin tulun, na ɗakin bincike mai tsananin sanyi, za a haska su da na'ura a ƙasar waje. Kwana ɗaya kacal ta yada zango a Azare, ana azumi, ba wuta.

"Gwaggo, allurorin ciki fa?"

"Na ga sun jiƙe, na shanya miki su a rana."

Madalla. Dakta guda, ta yi maganin ƙanƙara, ta manta da masu neman ƙanƙarar.