Ido Ɗaya a Kan Kansila Lawan

Ranar da ƙaramar hukuma ta fara haska zaman kwamitocinta kai tsaye a intanet, aka ce zamanin rufa-rufa ya ƙare. Abin da ya fara ƙarewa dai shi ne gyangyaɗin da Kansila Ɗahiru ya saba yi bayan azahar.

Asarar Kansila Lawan, shugaban kwamitin kiyaye haɗurra, ta fi wannan. A da mutum yakan kaɗa ƙuri'arsa yadda ya ga dama, ya koma gida ya ce rinjayarsa aka yi. Ƙofa a rufe, babu mai ƙaryata shi. Da wannan magana ya zauna lafiya da matarsa, Hajiya Jummai, tun shigarsa siyasa.

Ƙudirin yau nasa ne: a hana kunna injin tartsatsin wuta a cikin zaurukan biki. Da idonsa ya ga labule ya kama da wuta a wata dina a Unguwar Gano, ya kuma ga yadda mata masu goyo ke neman fita ta ƙofa ɗaya. Sai dai ranar Asabar za a yi dinar 'yarsa Hasana a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma Hajiya ta riga ta shaida wa dangin ango cewa cikin tartsatsi amarya za ta shigo.

"Zan kalla, Alhaji," ta ce da shi da safe. "In za ka kunyata ni a gaban surukai, gara in gani da idona."

Hasana ta karɓi wayarsa ta buɗe masa shafin da za a haska zaman, don ya san ba tsoratarwa ba ce. Ya jefa wayar a aljihun ƙirji ya fita.

A zauren taro, Saratu, jami'ar yaɗa labarai, ta rufe tagogi saboda hon ɗin 'yan adaidaita sahu, ta saita kyamara daidai fuskarsa. A kusurwar allon da ke bango akwai hoton ido da lamba a gefensa. Ta ce yawan masu kallo ke nan. Ɗaya.

Lawan bai tambayi ko wane ne ba. Wanda ya daɗe da aure ba ya irin wannan tambayar.

Aka shiga muhawara. Ya ja ta da tsawo, yana jiran lambar ta koma sifiri. Ai mutum yakan tashi ya yi salla. Wuta takan ɗauke. Sabis ɗin waya na nan Tarauni, wanda ke yankewa ana tsakiyar gaisuwa, ranar ya nuna halin kirki. Lambar ba ta motsa ba.

Iskar ɗakin ta yi nauyi. Duk abin da ya faɗa sai ya ji kamar ana maimaita masa shi can ƙasa-ƙasa, yadda mai shirin kafa hujja ke yi. Ƙirjinsa ya ɗauki zafi ta ɓangaren hagu, ya tuna likita ya yi masa maganar hawan jini. Ya so ya fita shan iska, amma kujera babu kowa ita ma jawabi ce, kuma za a tambaye shi fassararta.

Ƙuri'a ta zo kunnen doki.

"Ranka ya daɗe, saura kai," in ji Ɗahiru, wanda rashin barci ya sa shi son gaskiya. "Ai ƙudirinka ne."

Lawan ya dubi idon. Idon ya dube shi.

"Ina ganin abin yana buƙatar ƙarin nazari," ya ce. "A jingine shi."

A wannan kwamiti ba a taɓa jin abin da aka jingine ya sake miƙewa ba.

Ya iske Hajiya da amarya a tsakar gida, an ƙunsa musu lalle hannu da ƙafa, an ɗaure da leda.

"Yawwa, Alhaji, gyara mini ɗankwalin nan," ta ce. "Tun fitarka mai lalle ta ɗaure mu, ko waya ban iya taɓawa ba. Yaya, an hana ɗin? Don in an hana, ai doka ce, babu mai ganin laifina."

Lawan ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, inda zafin yake, ya zaro wayar. Cajinta ya kusa ƙarewa, shafin kuwa yana buɗe yadda Hasana ta bar shi.

Tun safe shi yake kallon kansa.