Gwadon da Ya Dawo da Ɗan Wasu

Kana tambayata yaushe muka zama mutanen tudu. To, saurara. A da ƙauyuka biyu ne a kan tudun nan, suna hararar juna a kan wata 'yar fadama da akuya ma za ta raina. Ko auratayya ba a yi. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasa, hukuma ta ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Wata masaƙiya ta ba da ɗanta tilo, ta bi shi da gwado mai ratsin baƙi irin na ƙauyensu. Ɗaya ƙauyen ratsin ja suke yi. Tun daga ranar, in ta zauna gaban masaƙa da hantsi sai hankalinta ya tafi. Ta ga zare ya miƙe ya haye duwatsu, ya shige cikin gajimare, ɗanta na can riƙe da bakinsa. A sansani kuwa ba ruwan kowa da baƙi ko ja. 'Yan tudu ake ce musu duka, bukka ɗaya, akushi ɗaya, in sanyi ya matsa kowa ya jawo gwadon da hannunsa ya kai.

Bayan damina biyu aka kawo mata gawa naɗe cikin saƙarta. Da aka buɗe fuska, ashe ɗan ƙauyen ja ne. Maza suka hau gunaguni, wai a mayar wa masu shi. Ta daɗe tana duban yaron, sannan ta ce, "Ku sa shi kusa da kabarin mijina. Ai gwadona ya rufa." Washegari ta taka hanyar ƙauyen ja, wadda ba ta taɓa takawa ba, tana neman inda nata ɗan yake. A ƙofar wani gida ta tarar da wata mata rungume da gwado mai ratsin ja, ashe uwar yaron nan ce. Ba su yi dogon bayani ba. Matar ta kama hannunta, ta nuna mata sabon kabari daga nesa, inda suka sa ɗan masaƙiyar, gefen na mahaifin matar. Suka zauna tabarma ɗaya suna karɓar gaisuwa. To wa zai sake ɗaga gatari a kan mutanen da ɗansa ke kwance cikin ƙasarsu? Har yau in na tuna, zuciyata karyewa take yi. Dubi gwadon da kake zaune a kai, baƙi da ja a jere. Hausawa sun yi gaskiya: ɗa na kowa ne.