Takardar da Babu a Akwatin Bapuji

Sau uku Bhupen Raichura yana zazzage akwatin ƙarfen mahaifinsa a kan gado. Ga tsohon fasfon Bapuji, kamar yadda suke kiran mahaifin, mai hatimin Porbandar ta Indiya, ga tikitin jirgin ruwan da ya kawo shi Mombasa, har da hoton ranar buɗe shago. Takardar haihuwarsa shi Bhupen ce dai babu, ko sama ko ƙasa.

Shekararsa sittin da shida a Kisumu bai taɓa neman ta ba. Bapuji ne ya yi masa katin ɗan ƙasa da fasfon farko, daga nan sai sabuntawa kawai. To amma katin nan da Indiya ke bai wa jikokinta na ƙetare, wanda mutum zai shiga ya zauna iya son ransa, ba a karɓarsa da fatar baki. Sai ka nuna tsohonka ɗan can ne, sannan ka nuna kai ɗansa ne. Jumma'a za a karɓi takardunsa a Nairobi, yau kuwa Laraba.

Ga shi ya riga ya sayar da shagon kayan gini har da gidan da ke samansa, ƙarshen wata zai miƙa makulli. Matarsa ta rasu bara. 'Yarsa tilo, Hetal, tana Baroda, can Indiya, da tsohon ciki, kullum tambayarta ɗaya ce: "Pappa, yaushe?"

Ya buga wa yayarsa Tara waya, wadda yake kira Motiben, wato babbar yaya.

"Motiben, takardar haihuwata tana wurinki?"

"Kai da Indiyar nan! Ka je da biza kamar kowa, ka ga jikanka ka dawo gida."

"Zama zan yi, ba ziyara ba."

"Ai ta ƙone tuntuni. Bapuji ya faɗa."

"A akwatin ƙarfe? Komai ya tsira sai ita?"

Ta ce madararta tana kan wuta, ta kashe wayar. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ko abincin rana bai tsaya ci ba, ya tafi ofishin rajistar haihuwa ya cika takardar neman kwafi. Aka ce ya dawo gobe da azahar, in an ga littafin rajistar shekarar da aka haife shi.

Saura matsala ɗaya, Mama Priska. Tun kafin a haife shi take aiki a gidan. Ita ta goya shi, don Ba, mahaifiyarsu, mace ce mai yawan ciwon kai, ba ta son kukan jariri. Tsohuwar ba ta yi aure ba, ba ta taɓa kwana biyu a ƙauyensu ba. Duk Kisumu Bhupenbhai ake ce masa don girmamawa, ita kaɗai ke kiransa Okoth, wai ɗan damina da yarensu na Luo. Ya hana ta tun yana saurayi, ta ƙi hanuwa.

Yanzu ta haura tamanin, ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa, kuma ba a yi wa 'yar aiki katin zama a Indiya. Da ƙyar ya gano wani ɗan ƙanenta a Siaya da ya yarda ya riƙe ta.

Alhamis da sassafe ya kai ta tasha da katifa sabuwa da bargo biyu. Mai sayar da tikiti ya turo masa littafi ya ce a rubuta sunan fasinja cikakke. Bhupen ya tsaya da biro a hannu. Abin kunya, sai da ya waiwaya ya tambaye ta.

"Priska Anyango Odera," ta ce a hankali.

Ya zaunar da ita kusa da taga, yana satar kallon agogo.

"Can ɗin akwai mai dafa maka shayi da citta?" ta tambaya.

"Haba Mama Priska, ƙasar shayin fa zan je."

"Kada ka riƙa fita ba hula. Kanka ba ya son rana."

"To, na ji."

Ta kama hannunsa ta riƙe gam, ba ta sake ba sai da direba ya tayar da mota. Ya ji tausayinta har cikin ransa, amma yana da wurin zuwa. Bai jira motar ta fita daga tasha ba.

A ofishin rajista ya zauna ya tashi ya fi sau goma. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. In ba a ga littafin nan ba, ba kati, ba shago, ba gida. Sai can wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga.

"Mzee Raichura? Ka yi sa'a, dattijo, gara ba ta taɓa littafin shekararku ba."

Tun a tsaye ya nemi layin da ya dame shi. Uba: Vallabhdas Raichura, ɗan kasuwa, haifaffen Porbandar. Shi ke nan! Ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Nan take ya kira Hetal.

"Beta, 'yata, an samu! Ki gyara mini ɗaki."

Ta yi ihun murna. "Tsaya Pappa, bari in ƙarasa cika maka fom ɗin yanzu. Karanto mini komai yadda yake a rubuce. Na sa sunan uba. Saura na uwa."

Ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai ce Jasoda Raichura, sunan Ba, sai idonsa ya sauka a layin.

"Pappa? Kana ji na?"

Sunan da ke wurin, shi ne wanda ya rubuta da hannunsa a tasha da safe.