Jan Ruwan Maniru

"In ido bai ganin shi, mi za mu yanke ma ƙyalle ranar buɗewa?" in ji Honarabul Haruna, yana rufe takardar tallafin binciken Maniru a zauren gidansu.

Shekara shida Maniru ya yi a ɗakin gwaje-gwaje yana tankaɗe guntayen sinadarin furotin, har ya dace da guda mai tattara narkakken zinari ya gina ƙwayoyin da ido ba ya gani. Duk wahalar ta ƙare a kwalba ɗaya, ruwa ja wur. In ba a sa hannu yau ba, aikin ya mutu.

"Ranka shi daɗe, bari in ɗauko ka gani."

Ya shiga cikin gidansu na Danchadi, ya nufi gindin randa inda ya ajiye kwalbar don sanyi. Wayam.

"Inna, ina kwalbata?"

"Zoɓon ga lami? Baƙo na zaure tun ɗazu ba ko ruwa, so kake a zage mu? Na gyara shi da citta da sukari, na aika."

Da gudu ya koma zaure. Ya tarar Honarabul na lashe leɓe, biro a hannu.

"Kai yaro, ka tsaya kana ta Turanci! Wanga shi ab bincike. Na sa hannu, masana'antar zoɓo za a gina Boɗinga." Ya miƙo kofin. "Akwai saura?"

Maniru ya daɗe yana kallon tumbin Honarabul.

"Akwai, ranka shi daɗe. Nan da shekara shida."