Tayar Mamaci

Kai da kake cewa abin da aka ajiye ba ya tsufa, buɗe kunnenka. Wani mutum ya rasu ya bar mota, bai daɗe da sa mata sababbin tayoyi ba. Magada suka kasa daidaitawa, aka ja ta gindin bango aka lulluɓe da tamfol, damina ta bi rani, rani ya bi damina. Matar marigayin ba ta yarda a ga ƙura a kan abin mijinta ba, duk Juma'a sai ta yaye tamfol ta goge, ta shafe tayoyin da baƙin mai har suna ƙyalli. Da aka gama rabo motar ta faɗo wa ƙanen marigayin. Ya tura ta wurin mai faci a ƙara iska. Mai faci ya danna bawul, wato bakin da ake sa wa taya iska, wata iska mai sanyi ta fito a hankali, da wari irin na ɗakin da aka daɗe da kullewa. Ya ja da baya ya ce, "Alhaji, wannan numfashin tun yayanka na da rai aka zuba shi. Taya shekara biyar ce, shida in ta yi tsawon rai, ko tana gudu ko tana kwance. Dubi gefenta, duk faso." Mutumin ya tura yatsa cikin zanen tayar ya yi dariya. "Wannan da ko kwalta ba ta lasa ba? Sa iska, malam, ba wa'azi na zo ji ba."

Ranar Sallah ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, za su ƙauye gaida tsohuwa. Rana ta take, kwalta ta ɗau zafi. Ya fara jin wani abu ƙarƙashinsa, daf, daf, daf, kamar ana buga ƙofa daga ciki. Sai ya ƙara muryar rediyo. Masu kiwo a gefen hanya sun ce ƙara ɗaya suka ji. Da suka iso, motar tana rigingine a kwazazzabo, bayan tayar kuma ya saɓule gaba ɗaya yana shimfiɗe a titi kamar saɓar maciji. Shi kaɗai aka zaro da rai. Yana nan har yau a tasha, ba ya bara, ba ya magana da kowa. Motar da duk ta tsaya, sai ya durƙusa ya kara kunnensa a jikin tayarta, yana saurare.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.