Rabon Nomau a Sabon Fili

Shekarar da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, Nasara ya ce kowa ya hau tudu, aka yanka wa mutane filaye. Inna Tsahara ta samu nata, babba, kusa da sabuwar kasuwa. Gidanta na fadama kam ko tubali bai rage ba.

Ɗanta Jibo, dillalin gyaɗa, bai yi kukan gidan nan ba ko kaɗan. Tun da daɗewa tsohuwa ta yi wasiyya gaban shaidu cewa in ta mutu, ɗakunan baya na Nomau ne, wani arne manomi daga ƙauyukan Jiratawa, mai kawo mata damin gero duk kaka. Jibo ya je ya tambayi Malam Abdulmutallib, malam ya ce ai abin da aka yi wasiyya da shi in ya salwanta, wasiyya ta faɗi, sai in mai ita ta sake.

Abin ya daɗe yana ci wa Jibo rai. Tsohuwar da asuba ba ta wuce ta, me ya haɗa ta da mai yanka wa iskoki baƙar akuya? Shi dai bai taɓa ganin wata ƙauna ba. In Nomau ya durƙusa gaisuwa, bango take kallo, ta amsa can ƙasan maƙoshi. Shi kuwa har maƙwabta sun gaji da jin "Jibo, zo ka ci tuwo! Jibo, ina hularka?"

Da ciwo ya kwantar da ita, ta ce a kira malam da shaidu. Ranar Nomau ya iso da geronshi a ka. Jibo ya tare shi a bakin zaure.

"Aje nan ka koma. Yau malamai ne a ciki, kada ka cika mana gida da warin giya."

Nomau, da furfurarshi, ya ce to. Bai tafi ba, ya tsuguna a rana.

A ɗaki aka jingina tsohuwa da bango. Ta ce, "Gefen gabas na filin nan, iyakar sulusi, na wancan ne."

Malam ya ce, "Wancan wa, Inna? Shaidu ba sa riƙe wancan. Faɗi suna."

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ja mayafi ta lulluɓe fuska kamar yarinya.

Jibo ya yi dariya. "Kun gani ko, Malam? Ko sunanshi ya ɓace mata. Rikicin tsufa ne. Inna, ki bar ma ɗanki abinshi, arne bai gadon Musulmi."

"Don haka ne na yi wasiyyar, Jibo," in ji ta daga cikin mayafi.

Malam ya dube ta, ya yi ƙasa da murya. "Mutumin Jiratawa kike nufi, Nomau?"

Mayafi ya gyaɗa. Shaidu suka ce sun ji, sun gani.

Jibo ya miƙe zai yi gardama, malam ya kama mishi hannun riga.

"Je ka shigo da mutumin nan inuwa, ka ba shi ruwa da hannunka. Kai ma dai, Jibo, da girmanka. A ina ka taɓa jin mace ta faɗi sunan ɗanta na fari?"