Hanya 'Yanci Ce

Karo na uku ke nan malamin adabin ya dawo mata da takardarta, duk jan biro.

"Me ke da wuya a nan?" ya ce. "A littafin farko kogi na nufin 'yanci, a na biyu hanya na nufin 'yanci. Kwatanta su kawai aka ce ki yi. Ke kuma kin rubuta wai hanya kurkuku ce."

"Haka na gan ta, Malam."

"Don ba ki taɓa barin jihar Nebraska ba ne. Ki yi tafiya, baiwar Allah, za ki gane."

Ta karɓi takardarta. Shekararta hamsin da biyu, kuma wannan darasin kaɗai ya rage mata ta samu shaidar da za ta ba ta aikin zama kusa da gida.

Bayan kwana biyu ta rubuta masa abin da yake so: hanya 'yanci ce. A kan sitiyarin tirelar da ta shekara ashirin tana ja ta rubuta, mil dubu daga asibitin da 'yarta ke naƙuda. Kafin ta ɗiga aya, na'urar da kamfani ya saka a motar ta yi ƙara, wai hutunta ya ƙare.